Shugabannin Ktunaxa da rikicin kwarin Qat'muk

A ranar 15 ga Nuwamba, 2010, wata tawagar mutanen Ktunaxa, wata al'ummar 'yan asalin ƙasa, ta taso daga tsaunukan kudu maso gabashin lardin Birtish Kolombiya na ƙasar Kanada, ta isa majalisar dokokin lardin a birnin Victoria ɗauke da wata takarda da suka sa wa suna Sanarwar Qat'muk. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne cewa akwai wani kwari a cikin tsaunukan Purcell, wanda taswirar gwamnati ke kira Jumbo su kuma suke kira Qat'muk, cewa wurin mai tsarki ne a gare su, kuma ba su yarda a kafa wani gini mai ɗorewa a tsakiyarsa ba. A lokacin an kusa shekara ashirin ana ja-in-ja a kan shirin wani kamfani na gina katafaren wurin shaƙatawa da wasan zamiya a kan ƙanƙara a wannan kwari. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne, a idon dokar Kanada zaɓaɓɓun shugabannin da suka tsaya bayan wannan takarda ba su da iko ko na taki ɗaya a Qat'muk, domin ikonsu ya tsaya ne a 'yan filayen da aka keɓe wa mutanensu tun ƙarni na 19. Duk da haka, shekara goma ba ta cika ba sai da aka binne shirin, aka kuma danƙa wa Ktunaxa jagorancin kula da wurin.

Ktunaxa, waɗanda a Amurka aka fi sani da Kootenai, mutane ne 'yan asalin yankin kogunan Kootenay da Kolombiya, kuma ƙasar da suke ɗauka tasu ta gado a ɓangaren Kanada ta kai kusan murabba'in kilomita 70,000. Harshensu ba shi da ɗan'uwa da aka tabbatar a cikin harsunan duniya, kuma a yau tsofaffi ƙalilan ne suka rage masu jin sa sosai. Yarjejeniyar da Ingila da Amurka suka ƙulla a 1846 ta ja iyaka ta tsakiyar ƙasarsu ba tare da an tambaye su ba, shi ya sa a yau suke da gwamnatoci shida. Huɗu suna Kanada: Akisqnuk kusa da Windermere, da Aqam kusa da Cranbrook, da Yaqan Nukiy kusa da Creston, sai mutanen Tobacco Plains kusa da Grasmere a bakin iyaka. Biyu suna Amurka, ɗaya a Bonners Ferry cikin jihar Idaho, ɗaya kuma a yankin Flathead na jihar Montana, inda suke gwamnati guda da ƙabilun Salish. Waɗanda ke ɓangaren Kanada, idan aka haɗa su duka, ba su kai mutum dubu biyu ba.

Kafin zuwan Turawa, shugabanci a wurinsu ya fi bin aiki da ƙwarewa. Mutanen saman kogi, masu tsallake tsaunukan Rocky zuwa farautar ɓauna, suna da jagoran tafiya da jagoran yaƙi, mutanen ƙasan kogi kuma, masu zama a bakin ruwa, suna da mai jagorantar kamun kifi da mai jagorantar farautar barewa da agwagi, kuma kowannensu ana yi masa biyayya ne a lokacin aikinsa. Shugaban gari shi ake kira Nasukin, kalmar da har yau zaɓaɓɓun shugabanni ke amfani da ita. Ranar da ƙarfin wannan tsohon tsari ya gamu da ƙarfin gwamnati sananniya ce a tarihin yankin. A 1884 wani jami'i mai suna Peter O'Reilly ya zo ya shata filayen da za a tsare Ktunaxa a ciki, kuma shugaba Isadore bai yarda da rabon ba, musamman da aka bar makiyayar da ake kira Joseph's Prairie a hannun Kanar James Baker. A 1887, da aka kama wani mutuminsa mai suna Kapula bisa zargin kashe wasu masu haƙar zinariya guda biyu, Isadore ya je da mutanensa ya fito da shi daga kurkuku. Gwamnati ta turo Sam Steele da 'yan sandan doki 75. An sake Kapula saboda rashin hujja, amma makiyayar ta tafi, kuma a kanta ne garin Cranbrook yake zaune yanzu.

Zaɓe irin na ƙuri'a ya shigo musu ne ta hanyar dokar da ake kira Indian Act, wadda Kanada ta kafa a 1876 domin sarrafa rayuwar 'yan asalin ƙasa. Wannan doka ta raba kowace al'umma zuwa ƙananan rukunoni, ta ba kowane rukuni shugaba da kansiloli masu gajeren wa'adi, ta kuma ɗora jami'in gwamnati a kansu wanda zai iya soke abin da suka yanke. Mata ba su sami damar jefa ƙuri'a a irin wannan zaɓe ba sai 1951, kuma daga 1927 zuwa 1951 laifi ne a tara kuɗi don ɗaukar lauya a kan ƙarar ƙasa. A daidai wannan zamani makarantar kwana ta St. Eugene, wadda cocin Katolika ke gudanarwa da kuɗin gwamnati kusa da Aqam, tana karɓe yara daga hannun iyayensu tana hana su harshensu, har aka rufe ta a 1970. Saboda haka kujerar zaɓaɓɓen shugaba, a asalinta, kujera ce da aka ƙera domin a taƙaita mutane, kuma duk wanda ya hau ta ya gaji wannan tabo ko da shi mutumin kirki ne.

Abin da Ktunaxa suka yi da wannan kujera shi ne jigon nazarin nan. Sun riƙe ta, suka gina wani abu a samanta. Tun wajen 1970 garuruwan suka kafa majalisar haɗin gwiwa, wadda ta canza suna da tsari sau da yawa har ta zama Majalisar Al'ummar Ktunaxa a 2005. Kowane gari yana zaɓen Nasukin da kansiloli huɗu, wato shugabanni ashirin ke nan gaba ɗaya, kuma ana rarraba su a kan ɓangarorin aikin majalisar, kamar na ƙasa da albarkatu, na harshe da ilimin gargajiya, na jin daɗin jama'a da na tattalin arziki, ta yadda kowane gari yake da murya a kowane ɓangare. Majalisar ba ta da wani iko nata na kanta wanda dokar Indian Act ta ba ta. Ikonta aro ne daga garuruwan huɗu, kuma wannan ne ƙarfinta da rauninta a lokaci guda, kamar yadda za a gani a gaba. Mata biyu sun yi fice a wannan gini. Sophie Pierre, wadda ita kanta ta yi zaman makarantar St. Eugene, ta shugabanci Aqam shekara 26, kuma a zamaninta ne aka mai da ginin makarantar ya zama otal da filin wasan golf mallakar 'yan asalin ƙasa, bisa shawarar wata dattijuwa, Mary Paul, wadda ta ce tunda a cikin wannan gini aka ƙwace musu al'ada, a cikinsa ya kamata a dawo da ita. Kathryn Teneese kuma ta daɗe tana shugabantar majalisar al'umma, kuma ita ce babbar mai magana da yawunsu a tsawon rikicin Qat'muk.

Shirin Jumbo ya fara ne a 1991. Kamfanin Glacier Resorts ya nemi izinin gina wurin wasan ƙanƙara mai aiki duk shekara a wani kwari da ke da nisan kusan kilomita 55 yamma da garin Invermere, da masaukai masu gadaje fiye da dubu shida. A 2004 gwamnatin lardi ta ba shi takardar shaidar cika sharuɗɗan muhalli. A duk tsawon waɗannan shekaru shugabannin Ktunaxa suna zaune a teburin tattaunawa, suna nuna rashin amincewa, suna kawo batun dabbobin daji da ruwa da wuraren farauta, suna kuma ambaton cewa wurin yana da daraja ta ruhi, gwamnati kuma tana amsa musu da rage girman filin da alkawarin ayyukan yi da rabon kuɗin shiga. Maƙwabtansu na Shuswap, su ma 'yan asalin ƙasa, waɗanda a da suke majalisa guda da su, sun gamsu da abin da aka ba su suka goyi bayan aikin. Duk wanda ya kalli teburin a wajen 2008 zai ɗauka cewa abin da ya rage shi ne a daidaita a kan farashi.

A 2009 magana ta sauya. Wani dattijo mai riƙe da ilimin addinin gargajiya, Chris Luke babba, ya bayyana cewa Qat'muk gidan Ruhin Beyar ne, wato ruhin ƙatuwar dabbar dajin nan da ake kira girizili, kuma idan aka kafa gini na dindindin a wurin ruhin zai ƙaura, ibadu da waƙoƙin da suka dogara da shi kuma za su zama fanko. Ya ce tun 2004 ya san haka, amma rashin lafiya da kuma ƙa'idar da ta hana a fitar da irin wannan sani ga baƙi suka sa ya yi shiru. A nan ne zaɓaɓɓun shugabanni suka tsaya a mararraba. Suna da damar su ce wannan magana ce ta addini, su kuma aikinsu samar wa jama'a ayyuka da kuɗin gina gidaje, su ci gaba da ciniki. Suka zaɓi su sanar da ministan lardi mai kula da lamarin cewa babu sauran tsaka-tsaki, kuma babu adadin kuɗin da zai sa su amince. A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a duk lamarin, domin da shi ne suka nuna cewa ƙuri'ar da ta ɗora su ba ta ɗaga su sama da dokar kakanninsu ba, kuma ikon da suke da shi na yin magana a kan ƙasar da ke wajen keɓaɓɓun filayensu daga wannan tsohuwar doka yake fitowa. Sanarwar 2010 ta zo ne ta rubuta wannan matsayi a harshen da gwamnati ke karantawa: ta shata wani yanki na tsakiya da ba za a taɓa ba, da wani na kewaye da za a iya amfani da shi cikin taka-tsantsan.

Gwamnatin lardi ba ta saurara ba. A watan Maris na 2012 minista Steve Thomson ya amince da babbar yarjejeniyar ginin, kuma a farkon 2013 aka yi wani abu da ya kamata duk mai nazarin mulki ya dakata a kansa. An ƙirƙiro ƙaramar hukuma a kwarin Jumbo, aka naɗa mata magajin gari, Greg Deck, da kansiloli biyu, aka riƙa ba ta tallafi daga baitulmalin lardi, alhali babu mutum ko ɗaya da ke zaune a cikinta. Hukuma ce da ba ta da mai zaɓe kuma ba ta da wanda za ta yi wa bayani sai ministan da ya naɗa ta, amma tana da ikon tsara yadda za a yi amfani da filin. Shugabanni ashirin da mutanensu suka zaɓa, waɗanda kakanninsu suka shafe dubban shekaru a yankin, iyakar abin da doka ta ba su shi ne a tuntuɓe su. Wannan rashin adalci ne a fili, kuma ya sa mazauna Invermere da ƙungiyoyin kare muhalli irin su Wildsight, waɗanda dama suna adawa da shirin don dalilansu, suka ƙara matsowa kusa da Ktunaxa.

Majalisar al'umma ta kai ƙara. Hujjojinta biyu ne: cewa amincewar minista ta keta 'yancin addini da kundin 'yancin ɗan ƙasa na Kanada ya tanada, da cewa gwamnati ba ta cika wajibin tuntuɓa da sashe na 35 na tsarin mulkin 1982 ya ɗora mata ba. Sun faɗi a babbar kotun lardi a 2014, suka faɗi a kotun ɗaukaka ƙara a 2015, kuma a ranar 2 ga Nuwamba, 2017 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci a kansu. Mafi rinjayen alƙalai, a hukuncin da babbar mai shari'a Beverley McLachlin da mai shari'a Malcolm Rowe suka rubuta, sun ce doka tana kare 'yancin mutum ya yi imani da kuma bayyana imaninsa, amma ba aikin gwamnati ba ne ta kare abin da aka yi imani da shi, wato shi kansa Ruhin Beyar. Mai shari'a Michael Moldaver, tare da mai shari'a Suzanne Côté, ya saɓa musu a wannan gaɓa. Ya ce idan aka raba ibada da duk ma'anarta to an keta 'yancin addini, musamman ga mutanen da addininsu ke ɗaure da wani wuri a doron ƙasa, sai dai shi ma ya ƙare da cewa hukuncin minista yana cikin hankali, domin amincewa da buƙatar Ktunaxa tamkar ba su ikon hana kowa amfani da filin ne. A kan batun tuntuɓa kuwa kotun ta ce sashe na 35 yana lamunce wa 'yan asalin ƙasa a bi hanya madaidaiciya wajen jin ta bakinsu, amma bai lamunce musu sakamakon da suke so ba.

Akwai wani abu a cikin wannan hukunci da ya shafi shugabanci kai tsaye. Kotun ta lura cewa matsayin ƙin amincewa gaba ɗaya ya zo a makare, bayan kusan shekara ashirin ana tattaunawa. Wato ladabin da ya sa dattijo ya riƙe sirri shi ne ya zama abin da aka auna su da shi. Zaɓaɓɓen shugaba a irin wannan al'umma yana tsakanin dokoki biyu masu buƙatu mabambanta, ɗaya tana cewa ka kawo hujjarka a rubuce kuma a kan lokaci, ɗaya tana cewa akwai sanin da ba a faɗa sai ga wanda ya cancanta kuma a lokacin da ya dace. Ban ga laifin dattijon ba, kuma ban ga laifin shugabannin ba. Amma gaskiya ne cewa da akwai wata tsayayyiyar hanya tun 1991 da masu riƙe da ilimin gargajiya za su riƙa ja wa masu tattaunawa layi, ko da ba su buɗe dalili ba, da kamfanin da gwamnati ba su sami wannan ƙofa ba. Makarantar St. Eugene da dokar Indian Act su ne suka yanke igiyar da ke tsakanin dattawa da masu mulki, kuma ɗaura ta ya ɗauki lokacin da kotu ba ta yi la'akari da shi ba.

Faɗuwar Ktunaxa a kotu ba ta ceci shirin ba. Tun a watan Yuni na 2015 ministar muhalli Mary Polak ta yanke cewa kamfanin bai fara aiki na a-zo-a-gani ba cikin wa'adin da aka ba shi, saboda haka takardar shaidarsa ta mutu, kuma a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta lardi ta tabbatar da hukuncinta. A wannan tsakani iska ta sauya a siyasar Kanada, har lardin Birtish Kolombiya ya kafa doka a Nuwamban 2019 da ke ɗaure shi ya daidaita dokokinsa da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa. Shugabannin Ktunaxa suka koma tattaunawa, amma wannan karon a kan yadda za a sayi haƙƙin ginin a kashe shi. A watan Janairu na 2020 aka sanar da cewa an soke duk izinin da kamfanin ke riƙe da shi bayan an biya shi, kuma za a kafa yankin kariya a Qat'muk ƙarƙashin jagorancin Ktunaxa, da tallafin kusan dalar Kanada miliyan 16 daga gwamnatin tarayya da miliyan 5 daga gidauniyoyi masu zaman kansu. Daga baya aka rushe ƙaramar hukumar da ba ta da mazauna.

Ba zai zama adalci ba a ce haɗin kan Ktunaxa shi kaɗai ya kawo wannan sakamako, domin rashin kuɗin kamfanin da adawar maƙwabta da sauyin gwamnati duk sun taka rawa. Amma waɗannan abubuwa da sun iya kashe shirin ne kawai, ba za su sa a miƙa kwarin ga Ktunaxa ba. Abin da ya sa aka miƙa musu shi ne, tsawon shekaru garuruwa huɗu, ta bakin shugabannin da ake sauyawa a zaɓe bayan zaɓe, sun riƙa faɗin magana ɗaya, kuma akwai ofis mai ma'aikata da lauyoyi da masana ƙasa da zai iya karɓar amanar idan an ba shi.

Bayan nasarar, tambayar wa ke da iko ta juyo cikin gida. Ktunaxa sun shiga tattaunawar ƙulla yarjejeniya ta zamani a kan ƙasa da mulkin kai da Kanada da lardi tun 1993, kuma a 2021 suka dakatar da ita ba tare da an kai ga sa hannu ba. Garuruwan suka fara jaddada cewa su ne gwamnatoci, majalisar al'umma kuma mai yi musu hidima ce. A farkon 2023 mutanen Tobacco Plains, ƙarƙashin Nasukin Heidi Gravelle, suka ƙulla yarjejeniya da kansu da wani kamfanin haƙar kwal, wadda ta ba su ikon bincikar aikin Crown Mountain da amincewa da shi ko ƙin amincewa, wato irin ikon da Kotun Ƙoli ta hana Ktunaxa a Qat'muk. Wannan ci gaba ne na gaske ga garin, amma yana ɗauke da haɗari, domin kamfani ko gwamnati da ke fuskantar ƙananan gwamnatoci huɗu za su fi samun sauƙin neman wanda zai ce to. Inda matsala ta fi ƙarfin gari ɗaya kuwa haɗin kan bai yanke ba. Sinadarin seleniyam da ke malalowa daga mahaƙar kwal na kwarin Elk ya gurɓata ruwan da ke gangarawa zuwa Montana da Idaho, har a 2021 aka ci tarar kamfanin Teck, mai waɗannan mahaƙai a lokacin, dalar Kanada miliyan 60, kuma gwamnatocin Ktunaxa shida na ɓangarorin iyaka biyu suka shafe shekaru suna matsa wa Ottawa da Washington lamba tare. A watan Maris na 2024 ƙasashen biyu suka amince a miƙa batun ga hukumar haɗin gwiwa mai kula da ruwayen kan iyaka, tare da ba wa wakilan Ktunaxa kujeru a teburin da zai sa ido a kan aikin.